Kundin Hotunan Jarumai da Mawaƙa: Yadda Takardar Ado Ɗaya Za Ta Yi Maka Shafi Huɗu



Duk wanda aka taɓa ƙwace wa waya, ko memori ta lalace masa, ya san irin ciwon da ake ji. Hotunan da ka shafe shekara uku kana tarawa, fostocin finafinai, hoton da ka samu ka ɗauka da mawaƙi a wajen biki bayan ka sha turmutsutsu, duk su tafi a rana ɗaya. Shi ya sa har yau akwai matasa maza da mata da ba su yarda su bar komai a waya ba. Suna wanke hotuna, suna yanko shafukan mujalla, suna ajiye bangon kaset da tikitin sinima, su manna su a littafi guda tare da ɗan rubutu a gefe. Wannan littafi shi nake kira kundin manne-manne.

Matsalar ita ce kuɗi. Wanke hoto kuɗi, kwali kuɗi, gam kuɗi. Amma abin da ya fi saurin ƙarewa, ya kuma fi sa mutum ya ajiye aikin a rabi, shi ne takardar ado, wato takardar nan mai zane-zane ko furanni ko layi-layi da ake ƙawata shafi da ita. Sai ka ga mutum ya sayo guda goma yana murna, kafin ya kai shafi na goma sha ɗaya babu ko ɗaya. To a yau za mu yi lissafi ne. Idan ka gane yadda ake yanka ta, takardar da take yi maka shafi ɗaya za ta iya yi maka huɗu, kuma shafukan su fi na da kyau.

Daga ina abin ya fito?

Sana'ar sayar da kayan wannan aiki a Amurka ta yi ƙarfi. Tun a 1873 marubucin nan Mark Twain ya yi rajistar wani kundi da ya ƙirƙiro mai gam a jikin shafukansa, sai dai kawai ka jiƙa ka manna. A 1980 wata mata mai suna Marielen Christensen ta baje kolin kundayen iyalinta a wani taro a jihar Yuta, a shekarar da ta biyo baya kuma ta buɗe shagon sayar da kayan aikin. Daga nan ne kamfanoni suka shiga buga takardun ado iri-iri. Girman da suka fi yi shi ne inci 12 tsawo, inci 12 faɗi, wato kusan santimita 30 da rabi kowane gefe. Akwai kuma ƙanana masu inci 6 da 6 da ake sayarwa a ɗaure kamar littafi.

Mu a nan ba mu jira wani kamfani ba. Tun da aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990, har aka zo zamanin mujallar Tauraruwa wadda a cikinta sunan Kannywood ya fara fitowa a 1999, da mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya fara bugawa a wannan shekarar, 'yan kallo suke yanko hotunan jarumai suna mannawa a bangon ɗaki da cikin littafin makaranta. Tambayi yayarka ko ƙanwar mamarka, za ta ba ka labari. Bambancin kawai shi ne yanzu muna so mu yi shi da tsari, ya daɗe, kuma kada ya cinye mana kuɗin data.

Doka ta farko: kada ka biya kuɗin abin da ido ba zai gani ba

Wannan ita ce uwar duk dabarun da za su biyo baya. Ɗauki shafin da aka yi shi yadda yawancin masu farawa suke yi. An shimfiɗa takardar ado guda sukutum, an ɗora farin kwali a kai, an ɗora hotuna uku a kan kwalin. Me ido yake gani na takardar adon? Bakinta kawai. Duk tsakiyar tana kwance a ƙarƙashi, babu wanda zai sake ganinta har abada, alhali ka biya kuɗinta.

Maganin shi ne ka fafe ta kamar ƙwarya kafin ka manna. Juya takardar ta baya, ka auna inci 1 daga kowane gefe, ka ja layi da fensir, sannan ka ɗora rula ka bi layin da reza. Za ka fitar da murabba'i mai inci 10 da 10 daga tsakiya, ya bar maka firam. Sai ka yanko farin kwali mai inci 10 da rabi kowane gefe ka rufe ramin da shi. Wanda ya kalli shafin zai rantse takarda ce cikakkiya a ƙasa.

Ga lissafin. Takarda mai 12 da 12 tana da murabba'in inci 144. Firam ɗin ya ci 44 kacal. Sauran 100 sun dawo hannunka, wato kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ka biya. Idan da takarda mai girman A4 kake aiki, wadda take santimita 21 da 29.7, bar santimita 2 da rabi a kowane gefe. Abin da za ka ciro daga tsakiya ya kai santimita 16 da 24.7, ya fi rabin takardar.

Haka nan ake yi wa shimfiɗar hoto, wato 'yar takardar da ake sawa a bayan hoto don bakinta ya leƙo ta gefe. Ita ma ana iya fafe cikinta. Shimfiɗa mai inci 4 da 6 za ta ba ka guntu mai inci 3 da 5 daga tsakiya, wanda zai isa shimfiɗar wani ƙaramin hoton.

Auna kafin ka yanka

Ku lura da tela mai hankali idan aka kawo masa atamfa yadi 6. Ba ya ɗaukar almakashi sai ya shimfiɗa ta, ya zana da alli, ya san inda riga za ta fito, inda zani da ɗankwali za su fito. Takarda ma haka take so. Kwatan inci ɗaya yana iya jawo maka asarar guda biyu, bari ku gani.

Hoton da ake wankewa mai inci 4 da 6, idan kana so shimfiɗarsa ta leƙo, al'ada ita ce a yanka shimfiɗar ta fi shi da kwatan inci, ta zama 4¼ da 6¼. Da wannan awon, takarda mai 12 da 12 guda uku za ta ba ka idan ka yi yankan kai tsaye, huɗu idan ka yi dabara. Amma idan ka juya abin, ka bar shimfiɗar a 4 da 6 daidai, ka rage bakin hoton da kwatan inci ya koma 3¾ da 5¾, guda shida cif za ka samu, babu ko ɓarɓashi. Layi uku a tsaye, biyu a kwance. Abin da ka rage a hoton kuwa yawanci bango ne ko sararin sama, fuskar jarumi tana nan yadda take. Ka rage hoto, kada ka ƙara shimfiɗa.

Masu wanke hoto mai inci 5 da 7, wanda shi aka fi sabawa da shi a shagunan hoto, ga taku dabarar. Yankan kai tsaye guda uku yake bayarwa. Amma 5 da 7 idan an haɗa 12 ne, don haka za ka iya jera su kamar fukafukan fanka. Na farko a tsaye a kusurwar sama ta hagu. Na biyu a kwance a kusurwar sama ta dama. Na uku a tsaye a kusurwar ƙasa ta dama. Na huɗu a kwance a kusurwar ƙasa ta hagu. Guda huɗu ke nan, da ɗan murabba'i mai inci 2 da 2 da zai rage a tsakiya. Sai dai ka zana layukan da fensir tukuna, saboda babu yanka ɗaya da yake ratsa takardar daga gefe zuwa gefe. Nan ma ka ɗan rage bakin hoton don shimfiɗar ta leƙo.

Idan takardar naɗe kyauta ce a hannunka, da yawa daga cikinsu santimita 50 da 70 ne. Auna taka ka tabbatar. Idan haka take, yanka ta santimita 10 da 14, za ta ba ka guda 25 daidai, biyar sau biyar. Kowace ɗaya ta isa shimfiɗar hoto mai santimita 9 da 13. Takarda ɗaya, hoto 25. Ita kuma A4, ninka ta biyu ka sake ninkawa, guda huɗu ne masu santimita 10.5 da 14.8.

Rularka tana da inci a gefe ɗaya, santimita a ɗayan. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ka gama shafi, kada ka riƙa gauraya su.

Ziri ya fi shimfiɗa arha

Ba dole ne kowane shafi ya samu firam ba. Farin kwali ko baƙi ko ruwan ƙasa ya fi takardar ado arha nesa ba kusa ba, to shi ya kamata ya zama ƙasan shafi. Takardar ado kuma ta shigo kamar yaji a tuwo.

Takarda mai 12 da 12 tana ba da ziri goma sha biyu masu faɗin inci 1. Ziri ɗaya a gefen hagu na shafi daga sama har ƙasa ya isa ya canza kamanninsa. Biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sun isa su sa shafi ya yi kama da fosta. Idan kana so ya zama kamar akwai babbar takarda a bayan hoto, ba sai ka sa babbar ba. Manna guntun ziri a saman hoton ta baya, wani a ƙasansa, kowane ya leƙo kaɗan. Ido da kansa zai haɗa su ya ɗauka guda ɗaya ce ta ratsa.

Akwai kuma kusurwa. Yanka murabba'i mai inci 1, ka raba shi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, ka samu alwatika biyu. Murabba'i biyu sun isa kusurwa huɗu na hoto ɗaya. Hoton zai fito kamar na tsohon albam ɗin gidan kaka, kuma abin da ka kashe bai kai girman akwatin ashana ba.

Ga wata da ta dace da mu 'yan fim. Yanko zirin baƙin kwali mai faɗin inci 2, ka bi gefensa biyu da abin huda takarda na ofis, rami bayan rami a jere. Ya zama zaren fim irin na majigi. Sai ka manna ƙananan hotuna a tsakiyarsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ko takardar ado ba ya buƙata. Ƙananan da'irorin da suka zubo daga abin hudar ma kada ka share su, idan na takarda mai launi ne suna yin ado a gefen rubutu.

Guntaye dukiya ne

Kowane yanka yana barin ragowa, kuma a nan kuɗi yake zurarewa ba a sani ba. Dokar da za ka sa wa kanka ita ce duk guntun da ya kai faɗin yatsa biyu ba ya shiga shara. Amma tara su a leda ɗaya ba shi da amfani, don ranar da kake neman ja ba za ka same shi ba, sai ka yanka sabuwar takarda. Nemi tsofaffin ambulan guda shida ko bakwai, ka rubuta launi a bayan kowace: ja, shuɗi, kore, rawaya, baƙi da fari, ruwan ƙasa. Kafin ka taɓa sabuwar takarda, fara leƙa ambulan.

Me ake yi da su? Na farko, haruffa. Sunan fim ko na mawaƙi a saman shafi, zana kowane harafi a bayan guntu, amma a juye kamar yadda yake fitowa a madubi, sannan ka yanka. Sitikar haruffa tsada gare ta, kuma kullum harafin A ne yake fara ƙarewa, alhali sunayenmu cike suke da shi. Ka ƙirga A nawa ne a cikin Labarina ko Sangaya. Na biyu, dabe. Yanka guntaye daban-daban su zama murabba'ai masu girma ɗaya, ka jera su da ɗan tazara a tsakani kamar tayil. Ko zanensu bai zo ɗaya ba, in dai launinsu dangi ne, za su zauna lafiya. Na uku, 'yan tutoci da alamar shafi da ɗan allon da za ka rubuta kwanan wata a kai.

Zaɓen zane ma tattali ne

Da yawan takardun da suke kwance a akwati ba a yi amfani da su ba, an saye su ne don sun yi kyau a shago. Takarda mai manyan furanni tana ɗaukar ido, amma da ka yanka ta ƙanana sai furen ya rabe, ba a gane komai. Mai ƙananan ɗigo, ko siraran layi, ko ɗan zane mai maimaituwa, ko'ina ka yanka ta tana nan da kyanta, kuma tana shiga kowane shafi. Idan kuɗinka na guda biyar ne, huɗu su zama masu ƙaramin zane, ɗaya mai babba. Mai babban kuma a bi furen da almakashi a ciro shi ɗaya-ɗaya, kowane ya zama ado mai zaman kansa.

Idan ka samu mai zane gaba da baya, ita ce riba biyu. Kamfani ya riga ya haɗa launin fuskokin biyu don su dace da juna, ka huta da neman abokiyar tafiya.

Sannan ku tuna irin hotunan da muke mannawa. Fostar fim ɗin Hausa ba ta rasa launi: ga jaruma cikin leshi, ga jarumi cikin shadda, ga sunan fim da manyan haruffa ja ko ruwan zinare. Idan ka ɗora wannan a kan takarda mai hayaniya, sai su yi ta faɗa, ido ya rasa inda zai sauka. Dubi hoton, ka zaɓi launi ɗaya daga ciki, misali launin ɗankwali ko na hula, ka nemi takardar da take da shi. Zane ɗaya mai ƙarfi a shafi ya isa. Ka ga a nan tattali da kyau hanyarsu ɗaya.

Hoto marar launi, wato baƙi da fari, yana shiga da kowace takarda, kuma buga shi a firinta ya fi arha. Ya fi dacewa da shafukan tunawa da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, irin su Ahmad S. Nuhu da ya rasu a 2007, ko Rabilu Musa Ibro da ya rasu a Disambar 2014, Allah ya jiƙansu da rahama.

Takardar adon da take gidanku ba ka sani ba

Takardar da aka buga musamman don wannan aiki ba a kowane gari ake samunta ba, kuma idan daga waje aka kawo ta, farashinta yana bin dala. To duba kusa da kai.

Katin gayyatar biki: kwalinsa mai kauri ne, sau da yawa da zanen zinare a baki. Yanke wurin sunayen, bakin ya zama firam. Kalandar bara: bayanta fari ne mai kyau, gabanta kuma akwai launi. Kwalin turare da na sabulu da na atamfa. Takardar da aka naɗo kyautar biki ko ta suna, a goge ta da dutsen guga marar zafi sosai ta baya, a sa wani ƙyalle a tsakani, amma banda mai ƙyalƙyali irin ta leda, ita narkewa take yi. Cikin wasu ambulan na ofis akwai ɗan zane shuɗi ko toka mai kyau. Tsohuwar taswira daga littafin makaranta ta dace da shafin fim ɗin da aka ɗauka a wani gari.

Sai ƙyallayen tela. Duk shagon ɗinki yana zubar da guntayen atamfa da shadda, musamman gab da sallah. Ka roƙa da ladabi, da wuya a hana ka. Goge ƙyallen, ka manna shi a kan siririn kwali, idan ya bushe ka yanka shi kamar takarda. Babu wata takardar Amurka da za ta dace da hoton jarumar Kannywood kamar atamfa. Idan kana da zanin da kake son zanensa amma ba za a yanka ba, kai shi shagon fotokofi a ɗora a kan na'ura a buga maka mai launi a A4 ɗaya, sannan ka bi dabarun da muka faɗa a sama.

Kana kuma iya yin taka. Sassaƙa ɗan zane a jikin magogin fensir ko rabin dankali, ka dangwala a tawadar hatimi, ka bi farar takarda da shi layi-layi. 'Yan mata masu iya zanen lalle, ku kam kun riga kowa. Biro baƙi da kwali ruwan ƙasa kawai kuke buƙata.

A yi adashen takarda

Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Idan ku huɗu ne masu wannan sha'awa, kada kowa ya sayi irin abin da ɗan'uwansa ya saya. Kowa ya sayo zane daban. Takarda mai 12 da 12 tana rabuwa huɗu daidai, inci 6 da 6. Kowa ya yanka tasa huɗu, ku yi musaya. Da kuɗin takarda uku, kowannenku zai koma gida da zane goma sha biyu. Tunda mun riga mun ga cewa ziri da kusurwa da haruffa ne suka fi yawa a aikin, inci 6 da 6 ya isa. Abin huda takarda da rular ƙarfe da katakon yanka ma guda ɗaya ya ishe ku, a riƙa karɓa-karɓa.

Inda arha take zama asara

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A kan takarda mun ga ana iya kauce wa wannan magana, amma akwai wurare huɗu da take da gaskiya.

Gam. Farin gam na ruwa yana jiƙa siririyar takarda ta yi ƙudu-ƙudu, musamman takardar naɗe kyauta. Yi amfani da gam na sanda, mai kama da jan-baki, ko salatif mai manne gaba da baya. Gam na ruwa a bar wa ƙyalle da kwali mai kauri, shi ma a shafa kaɗan. Kunun fulawa ko na sitaci kuwa abinci ne, gayyatar kyankyaso da gara ka yi.

Salatif na gama-gari. Bayan 'yan shekaru yana zama rawaya, ya saki, ya bar tabo a hoton da ba ya fita. Kada ya taɓa fuskar hoto.

Asalin abu. Takardar jarida da yawancin takardu masu arha suna da sinadarin da yake sa su yi ja su riƙa karyewa, kuma suna shafa wa abin da yake manne da su. Idan abin da ke hannunka ba shi da na biyu, kamar tsohon bangon kaset, ko shafin mujallar da aka daina samu, ko hoton da jarumi ya sa maka hannu, kada ka shafa masa gam, kada kuma ka yanka shi. Yi fotokofi mai launi ka manna kwafin. Asalin ka sa shi a 'yar leda mai haske ko ka riƙe shi da kusurwoyin takarda yadda zai iya fita.

Lamineshan. Abin da aka rufe da shi ba ya dawowa. Tikitin sinima da rasit irin masu santsi kuwa da zafi ake buga rubutunsu, don haka idan suka shiga na'urar lamineshan baƙi ƙirin za su fito. Ko ba a taɓa su ba rubutun yana dushewa da kansa, to ka yi musu fotokofi tun suna sababbi, ka manna kwafin kusa da asalin.

Idan ka gama, ajiye kundin a tsaye, nesa da rana da danshin damina. Rana tana cinye launi, danshi yana kawo fumfuna.

Gwaji: takarda ɗaya, shafi huɗu

Bari mu haɗa komai wuri ɗaya. Kayan aiki: takardar ado ɗaya mai 12 da 12, gaba da baya in da hali, da farin kwali A4 guda huɗu.

Yanko ziri ɗaya mai faɗin inci 2. Yanko wasu biyu masu faɗin inci 1. Abin da ya rage inci 8 da 12 ne, raba shi huɗu, kowane 4 da 6.

Shafi na 1, na tsofaffin finafinai. Babban zirin a gefen hagu, kwafin fostar Sangaya a tsakiya, a ƙasa ka rubuta inda ka fara kallonsa da wanda kuka kalla tare.

Shafi na 2, na tunawa. Siraran ziri biyu, sama da ƙasa. Faɗin A4 bai kai inci 12 ba, don haka kowane zai bar maka ragowar da ta haura inci 3 da rabi. Yi allon suna da kwanan wata da su. Hoton Ibro baƙi da fari a tsakiya.

Shafi na 3, na masu dogon zango. Guda biyu masu 4 da 6 su zama shimfiɗa, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya don zanen ya bambanta. Hoto ɗaya daga Labarina, ɗaya daga Daɗin Kowa. Kada ka manta ka fafe cikinsu.

Shafi na 4, na mawaƙa. Raba na uku zuwa murabba'i shida masu inci 2 da 2, ka jera su, a kan kowane ka ɗora ɗan hoton mawaƙi: Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Ali Jita, Ado Gwanja, Naziru Sarkin Waƙa, Hamisu Breaker. A ƙasan kowane ka rubuta waƙar da ta fi zauna maka da shekarar da ka fara jin ta. Wanda ya ga yadda Jaruma ta karaɗe gari a 2020 ya san abin da zai rubuta a ƙasan na ƙarshe.

Guda ɗaya mai 4 da 6 ya rage ba a taɓa ba. Idan ka yanka shi murabba'ai masu inci 1, guda 24 ne, alwatika 48, kusurwoyin hoto goma sha biyu ke nan na shafukan gaba. Ga kuma guntaye biyu da ka fafe daga shafi na 3 suna jira a ambulan.

Abu na ƙarshe, kundin nan naka ne na ajiya da nuna wa abokai, ba na bugawa a sayar ba, don fosta da hoto suna da masu su. Haka kuma jaruman da suka yi aure suka bar harkar, da yawansu ba sa son tsofaffin hotunansu suna yawo, to abin da ke cikin kundi ya tsaya cikin kundi. Kuma kada ado ya ɗauke maka hankali ka manta da rubutu. Nan da shekara ashirin, ɗanka ba zai tambaye ka nawa ka sayi takardar ba. Zai tambaye ka wane ne wannan, wane fim ne, kuma me ya sa kake son sa. Ka rubuta amsar tun yanzu a gefen hoton.